Amsoshin Wasiƙunku: "In Hadari Ya Haɗo Sai Gabana Ya Faɗi"

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo. Sauran waɗanda suka rubuto su yi mana haƙuri, takardunsu suna nan a ajiye.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Auyo ta Jihar Jigawa, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa. Ya ce ruwan 2022 ya cinye masa shinkafa da gero, ya kuma kayar masa da ɗaki biyu. Ya ci bashi ya sake noma, 2024 ruwa ya sake shafe rabin gonar. Tun daga nan, in ji shi, da zarar hadari ya haɗo daga gabas sai gabansa ya faɗi. In an yi ruwan dare ba ya runtsawa, sai ya ɗauki tocila ya tafi duba kogi. Ya zama mai saurin fushi da iyali, babban ɗansa kuma ya ce shi ya gama da noma, hanyar Agadas zai bi. Tambayarsa uku ce: me ya sami ruwan sama, wannan hali da yake ciki ciwo ne ko rashin tawakkali, sannan ya sayar da gonar ne ko kuwa.

To Malam, da farko muna jajanta maka, Allah ya mayar da alheri. Ka kuma sani ba kai kaɗai ba ne. Irin wannan takarda mun samu daga masu sayar da hatsi, daga masunta, har daga mata masu ƙuli-ƙuli, kowa da irin nasa zullumin.

Bari mu fara da ruwan. Tun wajen shekara 200 da suka wuce mutane ke ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci da tashoshin wuta. Hayaƙin yana ɗauke da wata iska da ake kira kabon, wadda ke taruwa a sama ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo amma ya kasa fita duka. Kafin zamanin injuna wannan iska kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1, kuma 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Kun dai tuna azumin wannan shekara. A garin Kayes na ƙasar Mali, ran 3 ga Afrilu, ma'aunin zafi ya kai 48.5.

Wani zai ce, to ina ruwan zafi da ambaliya? Ga yadda abin yake. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar danshi, duk digiri ɗaya tana ƙara wajen kashi 7 cikin 100. Wato kamar wanda ya saba ɗebo ruwa da ƙwarya ne aka ba shi tulu. Zai daɗe bai cika ba, amma ran da ya juye shi sai tsakar gida ta cika. Shi ya sa kuke ganin a yi kwana 15 ko 20 ba ɗigo a tsakiyar damina, shuka ta yi yaushi, sannan ruwan da a da marka ke kawowa cikin mako guda ya sauka dare ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna irin manyan hadarin nan masu ɓarna sun ninka sau uku a yankinmu na Sahel daga 1982. Jimlar ruwan shekara ta fi ta zamanin farin 1984 yawa, tsarin zuwansa ne ya lalace.

Saboda haka idonka bai yi maka ƙarya ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya. A 2022 fiye da 600, sama da miliyan ɗaya kuma suka bar gidajensu. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, a wannan damina kuma tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. A watan Mayu 2025 sai ga Mokwa. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, wato kenan wani ya ci, wani ke amai. Wannan magana ce ta shugabanni da tarukan duniya, kuma ya kamata su riƙa yin ta da ƙarfi. Amma akwai kason da yake namu. Gina gida a kan hanyar ruwa namu ne. Cika magudana da leda namu ne. A ƙasarku ta Haɗeja, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin kogi, ruwa in ya zo ya rasa mafita sai gonaki. Za mu komo kan wannan.

Tambaya ta biyu ita ta fi taɓa ni. Malam, abin da ke damunka ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jikin ɗan Adam haka Allah ya halicce shi: in ya taɓa shiga hatsari, da ya ga alamarsa zuciya za ta buga, barci ya gudu, don ya shirya tserewa. Matsalar ita ce in wannan shiri ya ƙi sauka, dare da rana, har ya fara cin mutum. Likitoci sun san wannan hali, yanzu har suna yi masa suna da fargabar sauyin yanayi. A 2021 an tambayi matasa 10,000 a ƙasashe 10, har da Nijeriya, kashi 59 cikin 100 suka ce suna cikin matsananciyar damuwa kan wannan al'amari. Kai da ruwa ya kai maka ƙugu a cikin ɗakinka, in ba ka ji tsoro ba ai da sai a yi mamaki.

Tsoron nan yana da amfani in aka ba shi aiki. Ni a ganina babban kuskurenka guda ne, kai kaɗai kake fita da tocila. Gari guda, magidanci 40 ko 50, kowa kwance ido biyu yana sauraron rufin ɗakinsa, da safe kowa ya fito ya ce lafiya lau. Me zai hana ku kafa sanda a bakin kogi, ku yi mata zane uku da fenti, ku raba kwana, mutum biyu kowane dare daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba? In ruwa ya kai zane na biyu a sanar da mai unguwa, a kwashe hatsi da dabbobi da tsofaffi zuwa tudun da aka riga aka amince da shi. In ya kai na uku ladan ya yi shela da lasifika. Wanda ba ranar gadinsa ba ce ya kwanta ya yi barci, don ya san akwai mai kallo. A kuma samu mutum ɗaya da ke da lambar wani amintacce a garin da ke sama da ku a kan kogi, domin ruwan da ya wuce Wudil da Ringim ba ya iso ku a sa'a guda, akwai tazarar da za ta ishe ku shiri.

Ka kuma faɗa wa uwargida abin da ke ranka. Ita ma tana jin ruwan nan, kuma tana ganin fushinka ba ta san dalilinsa ba. Yara masu waya su daina nuna maka hotunan ambaliyar ƙasashen duniya da daddare, rabinsu ma tsofaffi ne ake sake yaɗawa. Labarin yanayi ka ji shi sau ɗaya a rana daga rediyo, ya isa. Ina kuma gargaɗinka da ƙwayoyin barci na teburin kasuwa da su tiramol, waɗannan sun kashe gidaje fiye da yadda ruwa ya kashe. Idan rashin barci da rashin cin abinci suka wuce mako biyu zuwa uku, ko ka kasa fita aiki, ko kuma, Allah ya kiyaye, ka fara jin gara ka mutu ka huta, to ranar nan ka faɗa wa wani na kusa, ku je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma babban asibitin da ke kusa da ku zai iya tura ka. Zuwa can ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar hawan jini, ana kuma warkewa.

Batun tawakkali kuwa, malamai sun fi ni sani, amma kowa ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam. An sanar da shi shekarun yunwa na tafe, bai naɗe hannu ba, sai ya sa aka tara hatsin shekarun ƙoshi a cikin zangarniyarsa. Addu'a da rumbu ba sa faɗa da juna.

Yanzu sai maganar sayar da gona, kuma nan zan ɗan daɗe, don ina so in ba ku labarin maƙwabtanmu na Maraɗi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin farin 1973, shi kuma kakansa ya ba shi na Kakalaba, yunwar 1914. Na 1984 ina yaro ƙarami, abin da na riƙe kawai shi ne tuwo ya koma sau ɗaya a gidanmu. A wancan lokaci ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. An sare itatuwa don gyaɗa da gero da makamashi, iska na binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa, sai ya lura da 'yan tsirrai nan da ke fitowa a gonaki, waɗanda kowa ke sarewa lokacin sassabe. Ya duba da kyau, ashe ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin gona.

Dabarar ba ta buƙatar ko kwabo. In ka zo sassabe, kowane kututture ka zaɓi rassa 2 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka rage ƙananan rassan gefe har rabin tsawo, ka yi masa alama don kada yaro ko makiyayi ya sare. Tun da saiwar tsohuwa ce, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Amma a hankali aka ga gonar mai itatuwa iska ba ta binne mata shuka, ƙasarta ta fi riƙe danshi, mata sun huta da tafiyar neman itace, awaki sun samu ganye. Mutanen can suka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike da suka duba hotunan sama bayan shekara 20 sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Manoma ne suka yi, maƙwabci na koyo wurin maƙwabci. Cikin itatuwan, gawo shi ne sarki. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Duk manomi ya san geron gindin gawo daban yake. Kalgo da sabara da aduwa da magarya duk suna tohowa haka.

Abin da ya sa ya yi nasara, ku lura, ba sara kaɗai ba ne. Sai da gari ya zauna, da manoma da makiyaya da mata, aka yi doka cewa itacen da ke gonar mutum nasa ne, wanda ya sare ba izini a ci shi tara. In kai kaɗai ka bar itace a gari, na masu gatari ne.

Masu gonar tudu da ta zama faƙo kuma, a ƙasar Tawa akwai abin da suke kira tassa, wadda aka koyo daga Burkina Faso, inda marigayi Yakuba Sawadogo ya shahara da ita. Da rani ake haƙa rami, faɗi da zurfi wajen taƙi guda, tsakanin rami da rami kamu biyu ko ƙasa da haka, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba takin gida cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa in ya sauka ya zauna a ramin maimakon ya gudu. Aiki ne mai wuya, ba na ɓoye muku, aikin gayya ne.

Na san za ka ce, Malam, ni ruwa ne ya yi mini yawa, ba fari ba. Gaskiya ne. To ga naka. A 2017 an fitar da irin shinkafa biyu a Nijeriya, Faro 66 da Faro 67, waɗanda aka yi musamman don wuraren ambaliya. In ruwa ya shanye su suna ƙanana, kafin su yi ciki, suna iya jurewa kwana 10 har zuwa mako biyu su farfaɗo. In ruwa ya kwanta wata guda kuwa, babu irin da zai tsira, kada wani ɗan kasuwa ya ruɗe ka. Ka tambayi malamin gona na hukumar JARDA inda za a samu na gaskiya, ka gwada a kadada ɗaya tukuna. Gero kuma akwai Sosat mai nuna cikin kimanin wata uku. Kada ka zuba ƙarfinka duka a fadama. Ka nemi ko 'yar ƙaramar gona a tudu, ko da aro ne ko haya, ta yadda in ɗaya ta tafi ɗaya za ta tsaya. Ruwan da ya cuce ka da damina kuma yana barin danshi da laka in ya janye, mutanen ƙasarku sun fi kowa sanin noman da ake yi a bayansa, da na rani, wake da kankana da alkama da kayan miya. Da yawa a fadamar Haɗeja yanzu rani ne ke ciyar da su, damina ta zama ƙari.

Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya. Hasashe ne, ba wahayi ba, yakan kuskure. Amma ya fi babu, kuma muna karanto shi a wannan tasha. Masu binne da masu shuka da ruwan farko su yi hattara, ruwan farko ya sha yaudarar mutane a 'yan shekarun nan. Ka raba irinka biyu, ka riƙe rabi.

Kacala da jinga kuwa aikin gari ne, kuma da rani ake yinsa, ba ran da ruwa ya iso ba. Garuruwa da dama a wannan kogi sun sha fita gayya da lauje da kwalekwale su buɗe hanyar ruwa, su ɗaga jinga da buhunan ƙasa. Babban yashe sai gwamnati da injuna, kuma takardar da gari biyar suka sa wa hannu ta fi kukan mutum ɗaya isa ofis.

Sai maganar ajiya, wadda ta shafi 'yan kasuwa ma. Buhun PICS, wanda ya shigo ƙasashenmu daga 2007, leda biyu ne a cikin buhu ɗaya. In hatsi ya bushe sarai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwari za su mutu don rashin iska, ba sai ka sa guba ba. A ɗora buhuna a kan katako ko dakali mai tsawo, kada a ƙasa. Na ga mai shago da ya yi asarar buhu fiye da 30 saboda ruwan da bai wuce idon sawu ba. Ku kuma 'yan'uwanmu masu ba da buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka, ku ji tsoron Allah. Manomin da kuka karya bana, baɗi wa zai kawo muku kaya kasuwa?

Maganin wannan bashi yana hannun gari. In kowane gida ya zuba kwano 5 ko 10 da kaka a rumbu ɗaya, da makulli uku a hannun mutum uku, da littafi, to a watan Agusta akwai inda za a ranta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan ƙauyukan Maraɗi, Mata Masu Dubara. Adashi ne aka gyara: ana zubi duk mako a akwati, mai bukata ta ranta, a ware wani abu don rashin lafiya ko gobara, ƙarshen shekara a raba. Daga nan Maraɗi tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na duniya. Lokacin da nake koyar da firamare, kafin in shigo rediyo, iska ta taɓa yaye mana rufin aji biyu. Mun rubuta takarda mun gaji. Kuɗin adashin iyaye mata ne ya sayi kwanon aji ɗaya, mazan suka ji kunya suka rufa ɗayan.

Saboda haka amsata ita ce kada ka sayar da gonar bana. Mai sayarwa cikin firgita a araha yake sayarwa, kuɗin kuma ba ya kai kaka biyu. In nan da shekara biyu ko uku ka gwada waɗannan abubuwa ka ga wurin ya zama tafki, to a sake shawara, a nemi musanya da tudu. Gidan kuwa, in a kan hanyar ruwa yake, wannan kam a tashi, ba a jayayya da kogi.

Ɗanka kuma kada ka yi masa baki. Cirani ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, kakanninmu sun yi. Amma hanyar hamada ta ci 'ya'yan mutane da yawa, ka zaunar da shi ka faɗa masa haka. Ka yanka masa wani yanki na fadamar ya zama nasa na kansa, ya yi noman rani, abin da ya samu ya riƙe. Yaro ya fi tsayawa a inda yake da abin kansa. In kuma ya nace sai ya fita, ya tafi inda kuke da mutane, ya bar lamba, ya dawo kafin shuka. Ka ce shi ya rubuta maka wannan takarda, to ka ba shi wannan shafi ya karanta maka, har wurin da ya shafe shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙar wata baiwar Allah daga Maigatari kan cutar da ke kashe mata kaji da hunturu. Ku huta lafiya.